Gumbar da Na Daka wa Bulama

Daga Allah muke, kuma gare shi Gwaggo ta koma, a ranar da aka fara yankan gero a kan tudu. Ta cika da hantsi, kanta a kan cinyata, tana tambaya ko an ɗaure akuya. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Washegari gidan ya cika maƙil da mata, har daga Gidigir an zo a kan jakuna.

Na zauna a bakin ɗakinta ina karɓar gaisuwa, kunnena kuwa a buɗe. Kowace ta shigo sai ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, sannan ta sauke murya ta ƙara wa maganar wutsiya. Wata ta ce baiwar Allah ta huta, ai zama da taɓin hankali wahala ne. Wata ta ce dama irinsu ba su da hisabi, kai tsaye suke wucewa. Akwai wata tsohuwa da Gwaggo ta ciyar da 'ya'yanta a shekarar yunwa, ita kuwa dafa kafaɗata ta yi, ta ce in gode wa Allah haukan bai kai ga jifa ba. Na dube ta har sai da ta janye hannunta.

Sun kuma lura ban yi kuka ba. Ina jin su a bayan rumbu suna cewa wannan wace irin zuciya ce, matar da ta raine ta ta mutu amma ido ƙamas. Ba su san hawayen yana nan ba, lokacinsa ne bai yi ba.

Can da la'asar Bulama, mai garinmu, ya iso da rawaninsa, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida wajen maza. Zana ce kawai tsakanina da shi, don haka ban rasa ko kalma ba. Ya ce Inna, haka yake kiran Gwaggo, ta yi masa komai a duniya, ba shi da abin biyanta. Sannan ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya sa larurar da ta same ta a ƙarshen rayuwa ta zame mata kaffara. Maza suka ce amin. Larura! Na cije leɓe har na ji gishirin jini a bakina.

Shi ya sa nake wannan magana. In na yi shiru, jikokin wannan kwari za su tashi su ji an ce an yi wata mahaukaciya a gidanmu, mahaukaciyar rumbu, shi ke nan labarinta ya ƙare. Ni kuwa na rantse ba za a rufe Gwaggo da wannan suna ba, sai bakin da ya liƙa mata shi ya ɓamɓare shi a gaban jama'a.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta ɗa rayayye ba, amma bayanta bai taɓa hutawa da goyo ba. Mu biyu ta raina har muka girma. Na farko shi ne wannan Bulama, ɗan yayarta mace da ta rasu tana jego, tun kafin kowa ya san rawanin ubansa zai faɗo a kansa. Daga baya sai ni. Ke nan ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, taubasai muke. Muna yara bawana nake kiransa, in ƙwace masa dabino a hannu, in ɓoye masa takalmi, ba shi da damar fushi. Da aka naɗa shi na daina, don Gwaggo ta ce rawani yana son kunya.

Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya, kullum da asuwaki a gefen baki. Garinmu yana cikin kwari, tafiyar wuni daga Gure, tuddan rairayi sun kewaye mu, dabino da goruba a ƙasa, gonakin gero a sama. Tana da ɗan lambunta na albasa da rogo kusa da rijiya. Da Barebari ta yi Barbarci, a kasuwa ta juya Hausa, kuma a duka biyun ba ta iya rage magana ba.

Manyan maganganu ba su dame ta ba. Wa ya hau sarauta a Gure, Nasara zai zauna ko zai tafi, duk wannan ta bar wa maza su sha hira a gindin bishiya. Ita abin da ke tsayar da ita shi ne gangar shela. Da an buga ganga an faɗi sabuwar doka daga bariki, kowa sai ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi. Ita kuwa sai ta jingine taɓarya, ta karkata kai gefe guda, sannan ta ce:

"To, a kan wa zai sauka?"

Wannan tambaya ita ce Gwaggo. Takan ce ita doka ba ta tsayawa a inda aka faɗe ta, sai ta gangaro ta zauna a wuyan wani, kuma mai faɗinta ba ya biyo ta ya ga wuyan wa ta samu.

Na tuna shekarar da aka ce a yi wa motar kumandan, Nasaran da ke mulki a Gure, hanya ta kan tudu. Rairayinmu ba ya ɗaukar mota, sai aka ce kowane gida ya ba da namiji aikin dole, a yanko ciyawa da kara a shimfiɗa a kan yashi. Dokar ta zo ana tsakiyar noman fari. Gwaggo ta ce abu biyu za su faru, gonaki za su ci ciyawa, shanu kuma za su ci hanya. Aka yi mata dariya. Da rani ya yi, shanun Fulani da ke gangarowa shan ruwa suka iske an shimfiɗa musu kiwo mai tsawo, suka bi hanyar kumandan suka lashe ta tas. Sai ga wata shela, an hana dabba ƙetare hanya. Ga shi rijiyar shanu tana wancan gefen. Gwaggo ta tafi wajen Bulama ta ce ya roƙa a bar mashigi ɗaya, a zuba masa ƙasa mai tauri daga kwari, shanu su riƙa bi ta nan. Ya kai maganar a matsayin tasa, aka yarda, har mai fassara ya yaba masa hankali. Ita ko a jikinta. Ta ce ai shanu sun sha ruwa.

Haka aka yi da masu yin lambar rigakafin agana. Don su sami mutane a tare, sai su faɗo ranar kasuwa su tare hanyoyi. Mutane suka daina zuwa kasuwa, albasa ta riƙa ruɓewa a hannun mata. Gwaggo ba ta ƙi lambar ba, ita ta fara miƙa hannuna. Abin da ta ce kawai, wanda aka tare shi kamar ɓarawo ba zai yarda alheri aka zo yi masa ba, a aiko tun da wuri a faɗi rana, a yi a ƙofar liman.

Kada a ce ina yabonta kamar ba ta da gajiyarwa. Wallahi tana da ita. Idon da ke ganin aibin dokar bariki shi ke ganin gudajin tuwona. In ka gina ɗaki sai ta ce ƙofar tana kallon inda ruwa ke bugowa. In ka sayi jaki sai ta zaga bayansa ta gano ɗingishi. Mahaifina, ƙanenta, mutum ne mai gudun fitina, sun sha yin faɗa a kan wannan. Wata rana ya ce mata mace da shekarunta ta kama tasbaha ta bar wa masu rawani maganar gari. Ta ce masa in masu rawani ne ke zuwa rijiya da tulu, za ta bar musu. Ya yi fushi ya daina cin tuwonta, ita kuwa ta ci gaba da aika masa kullum, har ya gaji ya ci.

A shekarar da fara ta cinye gonaki, yunwa ta shigo, a nan kowa ya san Gwaggo. Tun ranar da ta ga farar ta sauka ta hana a taɓa rogon lambunta, ta tara mu muka shiga daji tsintar anza da ƙarangiya kafin wasu su farga. Ta jiƙa anza a ruwan rijiya har ɗacin ya fita, ta dafa a babbar tukunya. Ba ta kiran kowa ya zo ya karɓa, don ta ce akwai wanda zai gwammace mutuwa da a gan shi da ƙwarya a ƙofar wani. Sai ta aza tulu a ka kamar mai zuwa ɗibar ruwa, ga abinci a ciki, ta bi gidaje ta baya. Da yawa daga cikin matan da suka zo makokinta suna kiran hauka, da anzarta ƙasusuwansu suka tsaya.

Bayan wannan yunwa ne aka kawo dokar rumbun tsimi. Aka ce kowane gari ya gina babban rumbu na laka, kowane gida ya zuba gero gwargwadon mutanensa, a liƙe, kada a buɗe sai da iznin bariki, don in yunwa ta dawo a sami abin ci. Ranar da aka yi shelar, Gwaggo ta karkata kai kamar kullum, amma sai ta ce wannan karon Nasara ya yi tunani. Ta yi murna sosai. Ta ga yaran da aka binne, ba ta son ta sake gani.

Sai da kaka ta yi aka faɗi sauran. Ba damma za a zuba ba, tsaba ake so. A sussuke geron, a sheƙe, a auna da tiya, kwanon awo, don kowa ya zuba daidai da kowa, kuma a gama da wuri saboda kumandan zai zo turne, wato rangadi, ya gani da idonsa. A nan Gwaggo ta ajiye asuwaki. Ba wani ilimi ne na ɓoye ba. Duk yarinyar da ta taɓa riƙe taɓarya ta san gero a zangarniyarsa yake daɗewa, ƙaiƙayinsa ne rigarsa. In ka tuɓe shi tun bai gama bushewa ba, ka kulle shi a laka, ka dafa wa ƙwari abinci. Duk garin sun sani. Bulama ya sani, don a hannunta ya koyi ɗaurin dami. Kowa dai ya ja bakinsa ya yi gum.

Ta fara samunsa a gida, kamar uwa da ɗanta. Ta ce ya gaya wa kumandan a zuba damma, in awo ne damuwarsu a ɗaure su da igiya mai tsawo ɗaya, kuma kowace kaka a fitar da tsoho a zuba sabo. Ya ce to Inna, zai faɗa. Ta sake komawa, ya ce to Inna, sai an sami lokaci. Aka yi sussuka, aka zuba, aka liƙe.

Ranar turne aka tara mu a gaban sabon rumbu. Kumandan yana kan kujera, mai fassara a tsaye a gefensa, gardi biyu, 'yan sandan bariki, da bulala, Bulama a durƙushe. Ina kusa da Gwaggo, na ga ta karkata kai, na kama bakin zanenta, ta fizge. Ta fita da zangarniya a hannu ɗaya, tsaba a ɗayan, ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta yi bayaninta a natse. Ba zagi, ba ɗaga murya. Ta ma fara da godiya a kan rumbun. Mai fassara ya juya. Kumandan ya karɓi zangarniyar yana jujjuya ta, kuma na rantse da Allah a wannan lokaci saurare yake yi. Ya juya ga Bulama ya tambaya ko wace ce wannan, kuma ko abin da ta faɗa gaskiya ne, in gaskiya ne me ya sa ba a gaya masa ba.

Kalma ɗaya ta rage. Da ya ce gaskiya ne, ƙila a yi masa faɗa, ƙila a ci shi tara, shi ke nan. Amma ya ji tsoron rawaninsa. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce, hankalinta ya taɓu. Haka take bin gidaje tana hana mutane bin doka."

Ya faɗa da Hausa, a gaban duk wanda ya san bayan wa ya yi wa fitsari yana jariri. Gwaggo ta dube shi kawai, tsabar tana zubewa ta tsakanin yatsunta. Kumandan ya jefar da zangarniyar. Maganar hana bin doka ce ta kama, aka ce a tafi da ita Gure ta yi daka a gidan kaso har hankalinta ya dawo. Gardi ya tasa ta gaba a ƙasa, shi yana kan doki. Mahaifina yana wurin, bai ɗaga kai ba, haka sauran mazan.

Na bi ta da fura bayan kwana kaɗan. Na iske ta a tsakar rana cikin 'yan mata da aka kamo, tana daka geron 'yan kaso, hannuwanta sun fashe, ta ɗaure su da tsumma, taɓaryar tana rawa kafin ta sauka. Na fashe da kuka, ta ce in rufe mata baki. Ko a can ba ta bar hali ba. Ta jawo ni ta nuna mini wata bishiya mai inuwa a bayan katanga, ta ce dubi, doki aka ɗaure a inuwa, aka jera turame a rana, da za a musanya su da dakan ya fi sauri kuma dokin ba abin da zai same shi. Ban san lokacin da na yi dariya cikin hawaye ba.

Wajen rabin wata ta yi. Ta dawo hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, da wani tari da bai rabu da ita ba har kabari. Amma ba wannan ne ya kashe ta ba. Kalmar ce. Tun da Bulama ya faɗa a gaban Nasara, dole ta zama gaskiya, in ba haka ba shi ne maƙaryaci. Sai gidansa suka riƙe ta, matansa suna girgiza kai a rijiya suna cewa Allah sarki Inna. Sauran gari ma abin ya yi musu daɗi, don in mahaukaciya ce, to shirun da suka yi ranar nan ba abin kunya ba ne. Dā in an buga ganga mata sukan biyo ta ƙofarmu su ji me Gwaggo za ta ce. Suka daina. Yara suka sami waƙa. In ta yi magana a taron suna sai a yi murmushi a ce to Gwaggo, a ci gaba da hira kamar iska ce ta wuce.

Na ga matar nan tana ƙanƙancewa a gabana. In an yi shela har yanzu takan karkata kai, amma tambayar sai ta yi ta a hankali, ni kaɗai ke ji, wani lokaci akuya. Bulama bai sake tako gidan ba. Da salla yakan aiko da goro da turmin zane, ta karɓa ta sa albarka, ni kuwa in ji kamar in cusa su a murhu.

Damina ta biyu bayan haka ruwa ya yi gardama, shukar fari ta ƙone, abinci ya ƙare a gidaje ana tsakiyar noma. Aka yi ta aike Gure neman izni, sai da mutane suka fara cin ganye sannan ya zo. Kumandan na dā ma an riga an ɗauke shi zuwa wani wuri, bai taɓa sanin ƙarshen abin ba. Aka fasa liƙin. Warin da ya fito sai da na gaba suka ja baya. Sama gari ne da ƙwari suna yawo, ƙasa ya dunƙule ya yi baƙi. Mata suka yi ta sheƙa suna neman ƙwayar da ta tsira, yara suka ci suka yi ta gudawa. Bulama ya tsaya a gaban rumbun ya ce mata ne suka zuba shi da danshi, kuma komai nufin Allah ne. Na zuba ido in ga ko mutum ɗaya zai waiwayo wajen Gwaggo, ba wanda ya waiwayo.

Ita ma ba ta ce ai na faɗa ba. Ta miƙa ƙwarya aka zuba mata rabonta, ta kawo gida ta ɗura a wani gora, ta toshe bakin da laka, ta sa na rataye mata a rufin ɗaki. Na zaci ajiyar fushi ce, har na ji daɗi. Ashe ba haka ba ne. Cewa ta yi in sabon kumandan ya zo turne za ta nuna masa, don wannan kakar ma tsaba za a sake zubawa, kuma a kan yara zai sauka. Bai zo ta kwarinmu ba har ta kwanta ciwo.

Ana gobe za ta rasu ta ce in gaya wa kowa ta yafe. Na tambaye ta har da shi, ta ce shi ne na farko, yaro ne mai tsoro tun yana goye, ko kukan jaki ya ji sai ya ƙanƙame ta. Na ce ta yafe nata, nawa yana nan. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce dama ni ban taɓa jin magana ba. Bulama bai zo ba. Likkafani ya aiko, mai kyau kuwa.

Ranar sadakar uku muka tashi da dakan gumba tun da safe. Mata suka jera turame, aka jiƙa sabon gero, aka daka da dabinon kwarinmu, aka dunƙula fari tas aka jera a faifai. Ni kuwa na shiga ɗakin Gwaggo na sauko da goran, na fasa lakar, na juye a ƙaramin turminta. Na yayyafa ruwa na kirɓa shi da ƙwarinsa da komai, ban tsince ko ɗaya ba. Na yi dunƙule babba, na mirgina shi a farin gari har ya yi kama da 'yan'uwansa. Mijina ya leƙo ya gani, ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ina jin tsoronsa, shi ya sa ban sa komai ba sai abin da aka raba wa marayu.

Abu biyu na dogara da su, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san su. Ba a mayar da sadakar mamaci, balle a tofar da ita. Kuma taubashi ba ya fushi da taubashiyarsa, ko da rawani ya kai masa har gira.

Da liman ya shafa fatiha aka fara rabo, sai na yafa mayafi na fita wajen maza da ƙaramin faifai. Aka bi ni da kallo. Na durƙusa a gaban Bulama na ce bawana, yau uwargijiyarka ce da kanta ta kawo maka, don kai ne babban ɗa. Maza suka yi dariya, suka ce yau wasan taubasai ya tashi. Shi ma ya yi murmushi, har da alamar jin daɗi, yana zaton sulhu ne. Ya yi bisimilla ya gatsa babba.

Na ga lokacin da ya gane. Muƙamuƙinsa ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa, ya dubi cikin dunƙulen ya ga baƙi. Na ɗaga murya yadda na bayan zana za su ji, na ce:

"Geron rumbunka ne, Bulama. Rabon mahaukaciya ne, ta ajiye ba ta ci ba. Cinye, ka yi mata addu'a."

Bulama ya dubi liman, liman ya dubi tasbaharsa. Ya dubi mahaifina, kuma a karo na farko a rayuwarsa mahaifina bai sunkuyar da kai ba. Ba halin tofarwa, ba halin tashi. Ya tauna, ina jin ƙwarin suna ƙaras-ƙaras a haƙoransa. Ya haɗiye da ƙyar, ya sake gatsa. Ban matsa ba, faifan yana hannuna a ƙarƙashin haɓarsa, duk ɓarɓashin da ya faɗo ina tare masa.

Da ya kai rabi ya tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, rawani ya rufe bakin. Na ce ban ji ba, kuma ranar turne ba haka muryarsa take ba. Ya janye rawanin daga bakinsa, ya ce:

"Inna ba ta taɓa hauka ba. Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce tun a ranar. Ni na yi mata ƙarya."

A bayan zana wata ta saki salati, na gane muryar tsohuwar nan da ta dafa kafaɗata. Liman ya ce to jama'a kun ji, ku zama shaida. Wasu suka ce in bar shi haka, ya isa. Na ce sadaka ba a rage ta. Ya cinye sauran, hawaye na bin gemunsa, ban san ko na ɗaci ba ne ko na kunya, kuma ban damu in sani ba.

Da ya gama ya dube ni da idon nan na yaron da nake ƙwace wa dabino, ya ce in taimake shi da ruwa. Na ce to. Na tashi na shiga gida, na wuce randa, na wuce matan da suka dare suka ba ni hanya, na shiga ɗakin Gwaggo na zauna a kan tabarmarta. Asuwakinta yana nan a soke a jikin zana inda ta bar shi. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ta cika, har muryata ta dushe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya mata makwanci, ya ba ta inuwar da aka hana ta a Gure. Ya sa duk wanda ta bi ta bayan gidansa da tulu ya tuna ta da sunanta na gaskiya. Ta ce ta yafe, Allah ya karɓa mata. Shi kuwa bawana, har yau ban kai masa ruwan ba.